Shin Hawa Keke Na Zubar Da Girma? Abin Da Na Gani A Duwatsun Kolorado

Akwai wata tambaya da aka yi mini har sau uku a cikin wata guda, kuma ita ce ta sa na ga ya dace in yi wannan rubutu. Duk ranar Asabar da na fito da kekena bayan sallar Asuba, da wuya in kai bakin titi ban gamu da wani bawan Allah da zai tsayar da ni cikin ladabi ba, mu gaisa, sannan ya sassauta murya ya ce, "Alhaji, lafiya dai ko? Motar ce ta sami matsala?" Na ƙarshensu har tayi ya yi mini in riƙe tasa kafin bakanike ya gama da tawa. Na yi masa godiya, na ce masa motar lafiyarta ƙalau, mai motar ne ke neman lafiya. Daga irin kallon da ya bi ni da shi na gane bai gamsu ba.

Ban ga laifinsu ba. Sanin kowa ne cewa a ƙasar nan keke shi ne matakin farko a tsanin arziki, daga shi sai babur, daga babur sai mota, kuma duk wanda aka ga ya sauko daga mataki na uku zuwa na ɗaya, sai a ce ruwa ba ya tsami banza. Mahaifina, Allah Ya ji ƙansa, malamin firamare ne, kuma kekensa ƙirar Raleigh yana cikin abubuwan da ake girmama shi da su a ƙauyenmu. Kullum da yamma sai an goge shi da tsumma an jingine a zaure. Yau ɗansa mai digiri biyu sai ya yi bayani kafin a yarda cewa ba karayar arziki ce ta sa shi taka feda ba. Masu shekaru irin nawa za su tuna abin da ya sami marigayi Cif Ojo Maduekwe a shekarar 2001, lokacin yana ministan sufuri, da ya dage cewa 'yan Nijeriya su rungumi keke, har ya riƙa hawa da kansa zuwa aiki a Abuja. Da wata motar bas ta ture shi ya faɗa lambatu, maimakon a tambayi dalilin da ya sa titunanmu ba su da wurin mai keke, sai aka mayar da bawan Allah abin barkwanci.

Ni ma da irin wannan tunani na rayu har zuwa shekarar 2019, lokacin da wani kwas na watanni huɗu ya kai ni jihar Kolorado ta ƙasar Amurka. Na tafi da tumbina, da kuma gargaɗin likita cewa jinina ya fara hawa.

Ya kamata in fara da bayanin abin da suke kira bazara, don kada mai karatu ya ɗauka irin tamu ce ta Maris da Afrilu, wadda ko kare ke neman inuwa. Tasu tana kamawa ne daga Yuni zuwa Agusta, wato daidai lokacin da mu muke tsakiyar damina. Mutanen da suka shafe watanni ƙanƙara ta rufe musu duwatsu, sai ga shi ta narke, hanyoyin daji sun bushe, rana kuma ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe takwas da rabi. Wanda ya tashi daga aiki ƙarfe biyar yana da sauran sa'o'i uku da rabi kafin Magariba. Ni abin ya zame mini baƙo, domin sai in yi La'asar, in ci abinci, in ɗan kishingiɗa, in farka in tarar da rana tana nan daram. Su kuwa ba sa wasa da wannan lokaci. Da yamma ta yi sai ka ga motoci jere sun nufi bayan gari, kowace da keke ɗaure a bayanta.

Maƙwabcina a gidan da na sauka, wani akanta mai kimanin shekara hamsin da biyar, shi ne ya ara mini tsohon kekensa ya fara jan na zuwa daji. Keken dutse, kamar yadda zan riƙa kiransa, ya sha bamban da wanda muka sani. Tayoyinsa masu kauri ne masu gurje-gurje don su kama ƙasa, hannunsa miƙaƙƙe ne mai faɗi, yana da shokazoba a gaba, wani ma har da baya, birkinsa na faifai ne irin na babur, ga kuma giya-giya, waɗanda mafi sauƙinsu za ta hau da kai tudun da ko da ƙafa sai ka dafa gwiwa. Bayan makonni shida muna yawo, sai ya ce mini ya rubuta sunana a tseren da ake yi duk yammacin Laraba. Na ce masa ni ba ɗan wasa ba ne. Ya ce ai babu ɗan wasa ko ɗaya a wurin.

Gani ya kori ji. Irin wannan tsere shi suke kira na ƙetare daji, kuma ana yin sa ne a kan wata siririyar hanya da ta zagayo ta dawo inda ta fara, tsawonta kilomita biyar zuwa shida, faɗinta bai wuce na turbar da ke zuwa gona ba. Akwai hawa, akwai gangara, akwai tsakuwa da saiwoyin itatuwa da kwana-kwana masu kaifi. An kasa mutane aji-aji bisa ƙwarewa da shekaru: sababbin shiga su yi zagaye biyu, matsakaita uku, gogaggu huɗu ko biyar. Kowa ya biya 'yan daloli, aka ba shi lamba ya ɗaura a gaban kekensa, kuma babu mai tashi sai da hular kwano. Masu rubuta suna, da masu riƙe agogo, da masu tsayawa a kwana suna nuna hanya, duk 'yan sa-kai ne. A layin tashi na ga mai gyaran famfo, na ga lauya, na ga malamar makaranta, na ga yaro ɗan shekara goma sha huɗu kusa da kakansa. Kyautar wanda ya zo na ɗaya a ajinmu safa ce ƙafa biyu.

Garin yana bisa tudu sosai, iskarsa ba ta ƙosar da huhun baƙo, saboda haka tun a hawan farko na fara ganin taurari da rana tsaka. Ina cikin haki sai na ji murya a bayana ana neman izinin wucewa ta hagu, domin haka ladabin wasan yake: ba a wuce mutum sai an sanar da shi. Na kauce, sai ga wata dattijuwa mai furfura, wadda daga baya na ji ma'aikaciyar jinya ce da ta yi ritaya. Ta wuce ni tana ce mini in daina kallon dutsen da nake tsoro, in kalli inda nake son taya ta bi, domin keke ido yake bi. Ban ji shawarar ba. A gangara ta gaba na ƙura wa wani dutse ido, na damƙe birkin gaba da ƙarfi, sai ga ni na tashi ta saman hannun keke na zube a cikin ciyawa. Mutumin da ke biye da ni, wanda faɗuwata ta ba shi damar wucewa, ya tsaya, ya sauka, ya tabbatar ƙashi bai karye ba, ya miƙe mini hannun keken da ya karkace, sannan ya ci gaba. Ni ne na zo na ƙarshe a ajinmu. Da na ɓullo kwanar ƙarshe, waɗanda suka gama tun da daɗewa suna nan tsaye suna tafi suna kaɗa ƙararrawar shanu, kamar na ciyo musu kofi.

Abin da ya tsaya mini a rai a daren nan, ina shafa man zafi a kafaɗa, shi ne cewa a cikin mutum ɗari da 'yan kai da suka fito, waɗanda ke da damar lashe wani abu 'yan ƙalilan ne. Sauran duk sun san ba za su ci ba tun kafin su bar gida, amma suka biya kuɗinsu, suka sha ƙura, kuma Laraba mai zuwa za su dawo. Mu a nan mun ɗauki wasa a matsayin abin da ƙwararru ke yi, gwamnati ta biya, mu kuma mu zauna mu kalla. Mutum zai iya jero maka 'yan wasan Arsenal har da na benci, ya yi musu a kansu har jijiyar wuya ta tashi, alhali rabonsa da yin gumi da gangan tun yana sakandare. Ra'ayina shi ne, ƙarfin wannan wasa na keken dutse yana hannun waɗanda ke yin sa don sha'awa, masu zuwa na ashirin da na hamsin da na ƙarshe, kuma abin da ya kamata mu ɗauko daga wurinsu ke nan, tun kafin mu yi maganar kekunan.

Tarihin wasan ma shaida ne. Babu wata ma'aikatar wasanni da ta ƙirƙire shi. A tsakiyar shekarun 1970, wasu samari a gundumar Marin da ke arewa da San Faransisko a jihar Kalifoniya suka riƙa tono tsofaffin kekuna ƙirar Schwinn na shekarun 1930 da 1940, masu nauyi masu faɗin taya, waɗanda aka yasar a bola da bayan gida, suna gangarowa da su daga kan duwatsu. A watan Oktoba na 1976 suka yi tserensu na farko da agogo a kan wata hanyar 'yan kwana-kwana kusa da garin Fairfax, wadda ke gangarowa kusan mita 400 a cikin kimanin kilomita uku. Birkin kekunan irin na taka feda baya ne, kuma kafin a kai ƙasa zafi ya ƙone giris ɗin da ke cikinsa har yana hayaƙi, sai an kwance an sake cusa wani. Daga nan tseren ya samo sunansa, Repack, wato sake cusawa. Charlie Kelly ne ke shirya shi. Joe Breeze ya ƙera keken farko da aka yi musamman don wannan aiki a 1977, Gary Fisher da Kelly suka buɗe kamfani a 1979 suna sayar da waɗanda Tom Ritchey ke ƙerawa, sannan a 1981 kamfanin Specialized ya fito da Stumpjumper, wanda ya kai keken dutse kantuna. An yi gasar duniya ta farko a ƙarƙashin hukumar tseren keke ta duniya a garin Durango na Kolorado a 1990, kuma a 1996 tseren ƙetare daji ya shiga gasar Olamfik a Atlanta, inda Bart Brentjens na Holan da Paola Pezzo ta Italiya suka ɗauki zinare. Shekara ashirin ke nan daga bola zuwa Olamfik.

Akwai wata tsohuwar doka ta wasan da nake ganin ta fi duk wannan tarihi bayyana halinsa. A farkon lamari, ɗan tsere ba ya karɓar taimakon kowa. Idan tayarka ta yi faci, kai za ka yi wa kanka aikin mai faci a tsakiyar daji. Idan sarƙa ta tsinke, kai za ka ɗinke ta da abin da ka ɗauko a aljihu, ko ka turo keken da ƙafa. Daga baya an sassauta wa ƙwararru, aka ware musu wuraren gyara a gefen hanya, amma mai yawon daji har gobe da famfonsa da tif ɗinsa da ruwansa yake tafiya. Na yi tunanin yawancinmu da ko tayar mota ba mu taɓa canjawa da hannunmu ba.

Sai dai abin da ya fi tseren kansa girgiza ni shi ne abin da na gani ranar wata Asabar, da maƙwabcin nan nawa ya tashe ni da sassafe ya ce yau ba hawa za mu yi ba, aikin gayya za mu. Na tarar da mutanen nan da na gani ranar Laraba, har da lauyan da dattijuwar, kowa da diga ko shebur ko manjagara, suna gyaran hanyar da suke hawa. Ashe hanyoyin nan ba daga sama suka faɗo ba, kuma yin su ilmi ne. Babban abokin gabar hanyar daji ruwa ne. Ƙa'idarsu ita ce kada gangaren hanya ya wuce rabin gangaren jikin tudun da aka yanka ta a kai, domin in ya wuce, ruwan sama zai bar jikin tudun ya bi hanyar, kafin shekara biyu ta zama kwazazzabo. Ana so matsakaicin hawanta kada ya wuce kashi 10 cikin 100. Ana ɗan karkatar da fuskarta waje don ruwa ya tsallake ya wuce, kuma bayan 'yan taku kaɗan sai a yi ɗan kwari da ɗan tudu don ruwan da ya shigo ya sami mafita. Duk manomin da ya san ba a yin kunya a bi gangare zai gane wannan ba sai an yi masa dogon bayani ba. Haka kuma in an yi ruwa, ba wanda ke hawa sai ƙasa ta tsane, don taya ɗaya a kan laka tana barin sawun da zai ci aikin mutum goma. Babu ɗan sanda a bakin daji. Kunyar idon 'yan'uwa ce kawai ke tsare dokar.

Wannan ladabi ma wuya ce ta koya musu shi. A shekarun 1980, da kekuna suka yawaita a daji, masu tafiya da ƙafa da mahaya dawaki suka yi ta kai ƙara cewa ana firgita su ana lalata hanyoyi, hukumomi suka shiga rufe wurare. A 1984 hukumar gandun daji ta Amurka ta fayyace cewa keke ba ya shiga yankunan da dokar 1964 ta keɓe a matsayin dajin da ba a taɓawa. Ganin za a kore su gaba ɗaya, wasu ƙungiyoyin mahaya a Kalifoniya suka haɗu a 1988 suka kafa ƙungiyar IMBA, suka tsara wa kansu ƙa'idoji: a hau inda aka yarda kawai, a kauce wa mai ƙafa da mai doki, kada a firgita dabba, kada a bar shara. Suka gane cewa wanda ya zo da shebur ya fi wanda ya zo da takardar koke samun kunnen hukuma.

Ga masu tambayar ko wasa irin wannan na iya sa tukunya ta tafasa, sai in ba su labarin Leadville, wani ƙaramin garin masu haƙar ma'adinai a Kolorado, wanda ke bisa tsayin sama da mita 3,000. A 1982 mahaƙar Climax da garin ya dogara da ita ta dakatar da aiki, mutane suka rasa abin yi. Wani daga cikin ma'aikatan da aka sallama, Ken Chlouber, ya kawo shawarar a shirya gudun ƙafa na mil 100 a cikin duwatsu, bisa hujjar cewa wanda ya zo irin wannan gudu dole ya kwana a garin, ya ci, ya sha. Aka fara a 1983, aka ƙara na keken dutse a 1994. Ana yin sa a watan Agusta, kuma mafi yawan masu shiga ba kofi suke nema ba. Wanda ya gama cikin sa'o'i 12 ana ba shi kan bel na ƙarfe, wanda ya gama ƙasa da sa'o'i tara a ba shi babba. Akwai likitoci da direbobi da ke shafe shekara suna shiri saboda wannan kan bel.

Makarantu ma sun shigo. A 1998 wani malamin lissafi a sakandaren Berkeley, Matt Fritzinger, ya tara 'yan ɗalibai kaɗan ya kafa musu ƙungiyar keke. Abin ya zama gasar makarantun arewacin Kalifoniya a 2001, ya zama ƙungiyar ƙasa mai suna NICA a 2009. Abin da ya burge ni a tsarinsu shi ne ba a tantance ɗalibi a kore shi, kuma ba a ajiye kowa a benci. Duk wanda ya zo zai hau.

Wani hanzari ba gudu ba, kada mai karatu ya ɗauka na dawo ne ina ganin komai nasu daidai. Wasan da aka fara da kekunan bola yau ya zama kasuwa mai tsada. Akwai keken da kuɗinsa ya haura dala 10,000, kuma na ga masu tumbi irin nawa suna musu a kan giram ɗari da wani ƙarfe ya fi wani nauyi. Tseren Leadville kansa wani kamfanin motsa jiki mai suna Life Time ya saye shi a 2010, kuma samun gurbi a cikinsa sai ta ƙuri'a ko ta cin wani tseren share fage, ga kuɗin shiga ɗaruruwan daloli. Manhajar Strava, wadda ke auna gudun kowa ta jera sunaye, ta sa wasu sun mayar da kowace hanya filin tsere, suna sheƙa gudu a inda iyali ke tafiya da yara. Kekuna masu batir sun zo da tasu rigimar. A tseren nan na Laraba kuma ni kaɗai ne baƙar fata, kuma ban ga alamar masu wanke-wanke a gidajen abincin garin suna da lokacin zuwa ba. Haɗari ma akwai shi: karayar ƙashin wuya da na hannu ba baƙon abu ba ne, zafin rana na kayar da wanda ya raina ruwa, kuma a kan duwatsu masu tsayi hadarin bayan azahar na zuwa da tsawa, shi ya sa masu hankali ke fita da sassafe su sauko da wuri. Duk da haka, tsohon keken aro na hau, kuma babu wanda ya kalli keken kafin ya tafa mini.

Na san abin da wani zai ce: mutanen da ke fama da tsadar masara da 'yan bindiga ne za a kawo wa zancen yawon daji a kan keke? Tambaya ce mai nauyi, kuma ba zan yi kamar ban ji ta ba. Akwai dazuzzuka da duwatsu a Arewa da ko da rakiyar soja mutum ba zai so shiga ba a yau, kuma ba zan ce wa kowa ya je ba. Amma ba da mai neman na tuwon dare nake magana ba. Da ni da kai nake, mai albashi, mai mota, wanda ke tashi daga kujerar ofis zuwa kujerar mota zuwa kujerar falo, wanda a cikin abokan karatunsa an fara ƙirga waɗanda hawan jini da ciwon suga da shanyewar ɓarin jiki suka kwantar tun ba su kai sittin ba. Kuɗin da muke kashewa a kan magani a shekara ya isa ya sayi keken gwanjo mai kyau. Batun girma kuwa, manyanmu na faɗowa daga kan doki a filin folo na Kaduna da Katsina a gaban jama'a, su tashi su karkaɗe riga, ba wanda ya ce girmansu ya zube. Me ya sa faɗuwa daga kan doki ta zama jarumtaka, hawa keke kuma ya zama abin jaje? Ina ganin amsar ba ta wuce farashin abin hawan ba.

Kuma kada a ce abin na Turawa ne kawai. Tom Ritchey ɗin nan da na ambata ya je Ruwanda a 2005, ya ga yadda manoma ke dakon kaya a kan kekuna, har da na katako, aka shirya tsere a 2006. Daga nan aka gano Adrien Niyonshuti, wanda ya rasa 'yan'uwansa a kisan ƙare dangi na 1994, kuma shi ne ya riƙe tutar ƙasarsa a gasar Olamfik ta Landan a 2012, inda ya yi tseren keken dutse. Afirka ta Kudu na shirya tseren Cape Epic tun 2004, kuma ɗan ƙasarta Alan Hatherly ya ci tagulla a Olamfik ta Faris a 2024, ya kuma zama zakaran duniya a shekarar. A wannan gasa ta Faris ce 'yar tseren kekenmu Ese Ukpeseraye ta shiga wani ɓangare na gasar da keken da tawagar Jamus ta ara mata. Mun yi ta surutu a kan abin kunyar, amma ban ji wanda ya tambaya ba: tsere nawa ake yi a ƙananan hukumominmu a shekara, wanda daga cikinsa za a tsamo irinta goma?

Ba na kira ga gwamnati ta kafa kwamiti. Mutanen Marin ba su jira kwamiti ba. Abin da ake bukata mutum goma ne ko goma sha biyu da suka yarda su fito ranar Asabar, da kekunan da suka samu, da hular kwano, a wurin da aka tabbatar da amincinsa. Ƙasar kuwa Allah Ya ba mu: duwatsun Shere a Jos, kewayen Abuja, duwatsun da suka ba garin Dutse sunansa, da dubban turbobi da burtalai da ƙafafun mutane da na shanu suka riga suka shata. Sai dai in kiɗa ya canja, rawa ma sai ta canja. Bazararmu ba ta tsere ba ce, wanda ya gwada a zafin Afrilu asibiti zai kwana. Damina kuma ta manomi ce, ba za a bi ta gefen shukar mutum da taya ba. Lokacinmu shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu, bayan an kawar da amfanin gona, iska ta yi sanyi. Kafin a ɗaura lamba ko ɗaya, a je a gaida dagaci da mai unguwa a nemi izini, a kauce wa mai jaki da mai tallan nono da garken Fulani, kuma in hanya ta zaizaye a zo da shebur. Makarantun kwana masu faɗin fili, na maza da na mata, za su iya shata zagayen kilomita biyu a cikin harabarsu ba tare da sun sayi komai ba sai 'yan kekuna.

Sharaɗi ɗaya nake roƙo, shi ne kada a mayar da abin kulob ɗin masu kuɗi. A buɗe aji na kekunan gida marasa giya, a gayyaci mutanen ƙauyen da za a bi ta ƙasarsu, domin su ne suka daɗe suna tseren ƙetare daji ba tare da sun san yana da suna ba. Asabar ɗin da ta wuce, ina fama da wani tudu a bayan garinmu a kan giya mafi sauƙi, wani magidanci ya wuce ni a kan tsohon Phoenix, da silifas a ƙafarsa, da buhu biyu ɗaure a kariya, har yana da sauran numfashin yi mini sannu. Na same shi a saman tudun yana gyara ɗaurin kayansa, na tambaye shi ko zai shiga in an shirya tsere. Ya dube ni, ya dubi kekena, ya ce nawa ne ladan? Na ce muna tunanin buhun takin zamani ga wanda ya zo na ɗaya. Ya ce in aiko masa da rana, amma kada a sa ta ranar kasuwa.